Tabarmar da Ta Kayar da Jirgi a Tsibiri

A Maraɗi idan ka ce kana neman Maidawa, sai a tambaye ka wanne, don akwai Maidawa mahauci, akwai Maidawa mai haƙar rijiya. Amma idan ka ce Maidawa mai tabarma, ko a Sabon Gari kake ko a bakin gulbi, sai an yi murmushi kafin a nuna maka hanya. Shi ne mutumin da ya kayar da jirgin sama da tabarmar kaba. Tabarma ce 'yar Madawa, mai zanen ja da baƙi, wadda matarsa Tasalla ta zo da ita ɗakin aure.

Abin ya faru a Tsibiri, a ƙarshe-ƙarshen mulkin Faransa, da hantsi, ranar kasuwa. Jirgin irin wanda ba ya gudu a ƙasa ne, mai babbar fanka bisa kai da wata ƙarama a wutsiya, wanda daga baya aka raɗa wa suna mai saukar angulu. Ranar ce farkon ganinsa a wajejen nan. Ya zo ya tsaya cak a sama kamar shirwa ta hango 'yan tsaki, sannan ya fara sauka sannu-sannu bisa tabarmin da Maidawa ya shimfiɗa masa. Iskar fanka ta daki ƙasa. Rawunan manya suka tashi, mata suka dafe zannuwa, tabarmi kuwa suka miƙe tsaye kamar an kira sunansu. 'Yar Madawar nan ta yi sama, ta juya, ta naɗe a ƙaramar fankar wutsiya. Sai jirgi ya kama juyi kamar ɗan bori, ya karkace, ya faɗi ta gefe, fukafukansa suka sari ƙasa suka kakkarye.

Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Matuƙin ya karye a kafaɗa. Babban Nasaran da aka taru dominsa ya fito da rarrafe yana amai. Jakunan 'yan kasuwa kuwa, wasu ba a kama su ba sai a Maraɗi.

Wannan shi ne abin da kowa ya sani, shi ake ba yara dariya da shi. Ragowar labarin ba ta da dariya sosai, amma shi kansa Maidawa da murmushi yake ba da ita, ba kuwa za mu fi mai abu ɓata fuska ba.

Mutumin Jiratawa ne, garin tukwane. Ubansa manomin gero, uwarsa Baraka maginiya. Yana goye wata maƙwabciyarsu ta rasu wajen haihuwa, ta bar jariri namiji, aka sa masa Sha'ibu. Baraka ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗauko shi ta sa a nono. Maidawa a dama, Sha'ibu a hagu. Haka suka tashi, akushi ɗaya, tabarma ɗaya, duka ma tare, don Baraka ba ta tsayawa binciken wanda ya fasa tukunya. Da yake Maidawa ya girme shi da 'yan watanni, Sha'ibu yaya yake ce masa.

Da Nasara suka ce kowane gari ya ba da yaro a kai lakkol, wato makarantar boko, manyan Jiratawa suka yi abin da ake yi a lokacin: suka duba wanda ba shi da uban da zai yi gardama, suka ba da maraya. Baraka ta bi su har bakin gari tana kuka. Ashe alheri aka tura shi ba a sani ba. Sha'ibu ya fito da Faransanci a baki, ya zama tafinta a bariki, mai farin wando da keke. Bai manta da gida ba. Shi ya samo wa yayansa aikin gadin filin jirgi na Maraɗi, har da hular kaki. Maidawa ya riƙe wannan alheri yadda ake riƙe ƙwai.

Aikin ba wuya, sai dai naci. Ya kori awaki, ya cike ramukan gafiya, ya shafa wa duwatsun gefe farar ƙasa. Ranar da jirgi zai sauka, ya hura wuta ya zuba ɗanyar ciyawa, matuƙi ya ga hayaƙi daga sama ya san inda iska ta nufa. Jirgin kuwa ba kullum yake zuwa ba, sai lokacin awon gujiya ne yake ɗan yawaita. Sauran kwanaki Maidawa na ƙarƙashin aduwa yana tufkar igiya, yana ba masu wucewa labarin jirgi kamar shi ya ƙera shi.

Wata rana Sha'ibu ya zo bisa keke, ya jingine shi jikin aduwar.

«Yaya, gobe Tsibiri za ka. Wani kamfani na masu awon ƙasa za su zo da sabon jirgi. Ba shi son hili mai tsawo, wuri kamar masussuka ya ishe shi.»

Maidawa ya ce, «Jirgi ba gudu? To da mi za shi tashi?»

«Kai dai ka gyara wuri. Kuma babban mutum na ciki, tun daga Dakar. A shimfiɗa mishi.»

«A shimfiɗa wa jirgi? Sha'ibu, jirgi ba shi son tarkace. Ko hulata sai na danne ta in shina tashi.»

«Wancan mai gudu ne. Wanga sannu shika sauka, kamar angulu. Haba yaya, baƙo ya taho tun daga bakin teku, ya sa ƙahwa bisa turɓaya? Mi za a ce da mu? Ni na ji saƙon da kunnena.»

Nan gardama ta ƙare. A ƙasar nan ko mai tallan goro ya yi sallama sai an jawo masa abin zama, balle mutumin da ya biyo ta sama. Kuma wanda ya ji saƙo da kunnensa ɗan'uwa ne. Maidawa ya bi gida-gida a Tsibiri yana aron tabarmi, ya haɗa da ta Tasalla don a sa ta tsakiya, inda baƙo zai fara takawa. Tasalla ta ba shi tana cewa, «In ta dawo da ƙura, kai za ka wanke.» Bai yi sakaci ba a nasa ganin. Kowace kusurwa ya danne ta da dutse ko tsingaro, yadda ake yi wa shanyar kuɓewa. Iskar da ya sani ke nan. Bai san akwai iska mai saukowa daga sama kamar taɓarya ba.

Abin da ya biyo baya kun riga kun ji. Kafin ƙura ta lafa gardawan bariki, wato dogaran Nasara, sun riƙe shi, aka wuce da shi Maraɗi.

Bayan 'yan kwanaki aka ce masu anketi sun iso daga Yamai, wato masu binciken abin da ya kayar da jirgi. Nasara biyu ne, ɗaya dogo siriri, mutanen Tsibiri suka sa masa Zalɓe, ɗaya gajere mai tumbi, aka sa masa Tulu. Gaskiya sun yi aiki. Zalɓe ya wuni a duƙe yana tsintar zaren kaba daga fankar wutsiya, yana sawa a 'yar jaka kamar mai haɗa magani. Ya auna inda fukafukai suka sari ƙasa. Tulu ya shinshina man jirgin, ya kwance ƙarafa ya dudduba ko akwai wanda ya tsage tun kafin faɗuwa. Suka tambayi tsofaffi ta ina iska ta taso da hantsin nan. Suka je asibiti suka tambayi matuƙi ko ya sha wani abu, ko ya yi barci isasshe. Ya ce shi ya hango tabarmin tun daga sama, ya zaci alama ce aka kafe masa da turaku.

Abin nasu kamar na mai neman ɓatacciyar akuya ne, a duba gida-gida. Inji lafiya lau. Mai ba ruwa a ciki. Matuƙi da ɗan laifinsa, amma kaɗan. Saura ƙasa, ƙasa kuwa Maidawa ne.

Da safen da za a tambaye shi, Sha'ibu ya same shi a bayan biro, wato ofishin kumandan, ya kama hannunsa ya matse.

«Yaya, kada ka ji tsoro. Hwaɗi gaskiyarka, ni zan juya musu.»

Maidawa ya ce ranar nan ne ya fara cin abinci da daɗi tun da aka kama shi.

Aka zauna a barandar bariki. Zalɓe ya yi tambaya, Sha'ibu ya juya: «Shina cewa, mi ya sa ka shimfiɗa tabarmi?»

Maidawa ya gyara tsayuwa ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce saƙo ya zo ta bakin ƙanensa wannan, cewa a shimfiɗa wa baƙo. Ya yi sauri ya ƙara da cewa ba laifin yaron ba ne, haka aka faɗa masa. Ya ce shi ma da farko ya yi shakka. Ya ba da labarin duwatsu da tsingaro, har da gargaɗin Tasalla. Da ya gama, Sha'ibu ya juya wa Nasara, numfashi ɗaya ya ƙare. Maidawa ya ce a ransa, kai, Faransanci akwai tattali, zance mai cika masaki sun zuba shi a ludayi.

Zalɓe ya ajiye alƙalami, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sake magana a hankali. Sha'ibu ya ce, «Shina cewa, ka tabbata?»

Maidawa ya bugi ƙirji. «Na tabbata! Ko gaban wa sai in maimaita.» Ya gyaɗa kai da ƙarfi don Nasara ya gani ba sai an juya ba.

Aka karɓe hular kaki, aka kai shi kaso, gidan yari.

Damina guda ya yi a ciki. Gonarsa ta Jiratawa, Tasalla da tsohuwa Baraka suka yi ta fama da ita. Shi kuwa kullum safe a fito da su aikin gari, wata rana ɗebo ruwa, wata rana yankan ciyawa. Har filin jirgi aka kai su noma, ya cike ramukan gafiyar da ya sani ɗaya-ɗaya, wani sabon mai gadi sanye da hularsa yana nuna masa inda bai yi daidai ba. Duk da haka bai zargi kowa ba. Ya ɗauka hukuncin Nasara ne, ba ya barin jirgi ya faɗi a banza. Abin da ya dame shi ɗaya: Sha'ibu bai leƙo ba. Ya ce wataƙila kunya ce, yaron tun yana ƙarami ba ya iya kallon wanda ake duka.

Akwai wani gardi, Jibo, tsohon soja da ya yi yaƙin Faransa a ƙasashen nesa ya dawo da Faransancin bariki da gurguwar yatsa. Shi ya tsaya bakin baranda ranar anketi. Wata rana suna hutawa a inuwar wani gawo, ya miƙa wa Maidawa ɓarin goro.

«Maidawa, ni hwa ban gane maka ba. Namiji a tambaye shi, ya ɗauki igiya ya zura wuyanshi da kanshi, har da bugun ƙirji?»

«Wace igiya? Gaskiya na hwaɗi.»

«Ka hwaɗi taka, an kai wata. Ka san saƙon da kamfani ya aiko? A share wuri, a yayyahwa ruwa don ƙura, kada a bar ko tsinke. Ba tabarma ciki. Tabarma ƙanenka ya ƙara, don babban baƙo ya ce wa ya shirya wanga tarbo mai kyau.»

Maidawa ya daina tauna goron.

Jibo ya ci gaba. «Abin da ya ce wa Nasara shi ne, an hwaɗa maka duka, ka ce kai ka hi kowa sanin hili. Dogon nan bai yarda ba. Ya ce, a tambaye shi da kyau, lalle an gargaɗe shi ya ƙi ji? Sai ga ka kana bugun ƙirji kamar ɗan dambe.»

Maidawa ya ce ƙarya ne. Ya ce nono ɗaya suka sha. Jibo ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma da uwa ya tashi, ba daga rami ya fito ba, amma abin da kunnensa ya ji ke nan. Da Tasalla ta kawo fura, Maidawa ya aike ta gidan Sha'ibu ta ce yaya na son ganinsa. Matar gidan ta ce ya tafi turne, wato rangadin ƙauyuka. Tasalla ta ga keken jingine a zaure, ta ga takalmansa a bakin ɗaki. Ta dawo ta faɗa yadda ta gani, ba ta ƙara gishiri ba.

Ranar da aka sake shi bai nufi Jiratawa ba. Ya nufi bariki, zai wanke sunansa gaban kumandan. Ya roƙi Jibo ya tsaya masa shaida. Jibo ya shafa kakinsa ya ce, «Wagga riga ita ka ciyar da gidana. Na hwaɗa maka don Allah, kada ka sa in yi da-na-sani.» Maidawa ya tafi shi kaɗai, ya zauna bakin biro tun safe. Can mai tsaron ƙofa ya ce kumandan zai saurare shi, bari a kira tafinta.

Sai ga Sha'ibu ya fito, farin wando, alƙalami a aljihu. Ya ɗan tsaya, sannan ya ce, «Yaya, mi ke tahe da kai? Hwaɗa mini in juya.»

Maidawa ya dube shi daga hula har takalmi. A duk faɗin barikin nan ƙofa ɗaya ce zuwa kunnen Nasara, ga ta tsaye a gabansa.

«Ba komi,» ya ce. «Na zo in ga ko bakinka na nan lahiya.» Ya karkaɗe rigarsa ya kama hanya.

A gida ya ba uwarsa labari. Baraka tana ginin tulu, ba ta ɗaga kai ba, ba ta tsine ba. Sai da ta gama gyara bakin tulun sannan ta ce, «Na hagun ya hi ruwa. Shi na ba shi.» Ba ta sake ambatar zancen ba.

Anketin nan dai bai tafi a banza ba. Aka kafa doka, duk inda irin jirgin nan zai sauka kada a bar tabarma, ko zane, ko faifai, kuma mutane su ja da baya. Jama'a suka sa mata dokar Maidawa. Yaran Maraɗi in sun gan shi sai su miƙe hannuwa su kama juyi suna faɗuwa. Tasalla ce ta ga mafita. Ta ce, «Tun da sun liƙa maka suna, ci abinci da shi.» Ya fara sarin tabarmi yana kasawa a kasuwar Maraɗi, ciniki kuwa ya karɓe shi, don kowa na son ya ce a wajen wanda ya kayar da jirgi ya saya.

Da rani ya zagayo Baraka ta rasu. Ana zaman gaisuwa a ƙofar gida a Jiratawa, tabarmi shimfiɗe, sai aka ji ƙugin mota. Lokacin Nasara sun fara ɗaure kaya, Sha'ibu kuwa ya bar keke, ya zama mutumin da ake tashi idan ya shigo. Ya fito da babbar riga mai aiki.

Maidawa ya miƙe. Ya roƙi dattawan da ke kan tabarmar gaba su ɗan matsa, ya naɗe ta ya jingine. Ya ɗauko tsintsiya ya share wurin tas. Ya ɗauko tulu ya yayyafa ruwa har ƙasa ta yi duhu. Ya duƙa ya tsince wani ɗan kara da ya rage. Mutane suka zuba masa ido, don ba a taɓa ganin an naɗe wa mai gaisuwa tabarma ba.

«Sauka, Mushe,» ya ce, yadda ake kiran Nasara a bariki. «An share, an yayyahwa ruwa, ba a bar ko tsinke ba. Haka saƙon ya ce, ko ba haka ba?»

Sha'ibu ya dubi ƙasar, ya dubi jama'a. Ba wanda ya matsa masa. Ya tattare babbar riga ya tsuguna bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya yi wa matar da ta shayar da shi addu'a. Da aka shafa, ya matso ya yi ƙasa da murya.

«Yaya, da na hwaɗi gaskiya, da mu biyu za a kora. Wa za shi riƙe gida?»

Maidawa ya ce, «Ai mu biyu muka sha nonon.»

Sha'ibu ya tashi da laka a gefen riga, ya shiga mota. Ba su yi faɗa ba, ba su kuma daina gaisawa ba. In sun haɗu a hanya, yaya lafiya, ƙane lafiya. Sha'ibu ya sha aiko masa da abin alheri, Maidawa ya karɓa ya raba wa maƙwabta. Sau da yawa ya zo rumfar kasuwa, inda tabarmi ke jibge har rufi, ya yi gaisuwarsa a tsaye ya tafi. Sunan Maidawa kuwa ba a taɓa wanke shi a bariki ba. Nasara suka tafi da takardunsu, a ciki har yau shi ne mai taurin kan da aka gargaɗa ya ƙi ji.

Ya tsufa a rumfar nan, gemu fari, hannu duk kanta saboda kaba. Masu saye ba su fasa tsokana ba. Wani direban babbar mota, mai yawan baki, ya taɓa ɗaga wata 'yar Madawa yana jijjigawa, ya ce, «Baba Maidawa, wagga ba ta kayar da mutum dai ko? Ni iyali gare ni.»

Maidawa ya karɓe ta, ya shimfiɗa, ya shafa zanen da tafin hannu.

«Saya ba fargaba, ɗana. Tabarma sau ɗaya ta taɓa yar da baƙo, shi ma da iskarshi ya zo. Laihinta da na sani guda ne: tun muna rarrahe take ɗauke da Sha'ibu shina cin tuwon uwata, ba ta taɓa yar da shi ba.»